Sitiyari ya yi nauyi, birki ya yi tauri: ina matsalar take?

Tambaya: Motata Chevrolet Silverado ce mai shan dizal. Kwanakin baya na fara ganin ɗigon mai a duk inda ta kwana, sitiyari kuma yana kuka idan na juya shi. Yanzu ya yi nauyi, birki ma ya yi tauri, sai na taka da ƙarfin tsiya kafin ta tsaya. Man birki kuwa bai ragu ba. Wani bakanike ya ce in sayo sabon busta da sabon famfo. Me ya haɗa sitiyari da birki, kuma ta ina zan fara?

Amsa: Malam, da farko ka ajiye motar nan har sai an gyara. Birkin bai mutu ba, yana kamawa, amma ƙarfin da ke taimaka wa ƙafarka ne ya tafi, don haka nisan da za ta ci kafin ta tsaya ya ƙaru sosai. Kuma kada ka sayi komai tukuna, domin alamun da ka lissafa duk ciwo ɗaya suke nunawa.

Yawancin ƙananan motocin fetur suna da busta mai aiki da zuƙar iska daga inji, wato baƙin gwangwanin nan mai faɗi da ke ƙara wa ƙafa ƙarfi wajen taka birki, yana zaune a bayan masta, silindar da tankin man birki ke kanta. Injin dizal ba ya samar da irin wannan zuƙa, shi ya sa manyan motoci irin taka suke amfani da Hydro-Boost, wato busta mai aiki da matsin mai. Famfon sitiyari ne yake tura mai zuwa wannan busta, daga nan man ya wuce akwatin sitiyari, sannan ya koma tankin man sitiyari. Famfo ɗaya, mai ɗaya, aiki biyu. Da zarar man ya tsiyaye, famfo ya fara zuƙar iska, sai su biyun su yi nauyi tare. Kukan da ka ji tun farko iskar ce a cikin famfo. Man birki kuwa hanyarsa daban ce, shi ya sa ka gan shi a cike.

Kafin komai duba bel. Idan ya tsinke, ko ya saki, ko mai ya jiƙa shi yana sulɓi, famfo ba zai juya yadda ya kamata ba. Bel ɗin da ya sha mai ba a wanke shi a mayar, canzawa ake yi.

Sai neman inda yake yoyo, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Mai yana gangarowa ƙasa, iska kuma tana kora shi baya, saboda haka inda ka ga ɗigo ba lallai nan ne bakin ciwon ba. A wanke wurin da maganin cire maiƙo, a bari ya bushe, a cika tanki, a ta da inji, wani ya riƙa juya sitiyari yana taka birki, kai kuma kana haskawa da tocila. Wuri na can sama da ya fara jiƙewa shi ne mai laifi. Kada ka shafa tiyo da hannu kana lalube: ƙarfin man yana haura psi 1,000 a ma'aunin matsi, kuma ta ƙaramin huji yana iya huda fata. Kara kwali a kusa, shi zai nuna maka. Ka kuma lura ko yana fesawa kan salansa, domin wuta na iya tashi.

Wanda ya fi yawan lalacewa shi ne tiyon matsi, daidai inda aka matse roba da ƙarfe. Akwai guda biyu, ɗaya daga famfo zuwa busta, ɗaya daga busta zuwa akwatin sitiyari. Ba a ɗaure shi da kilif ko waya, ba zai riƙe ba. Sabo ake sawa, tare da sabbin zoben roba na bakinsa. Tiyon komawa tanki ba shi da matsi, sau da yawa kilif ne kawai ya saki. Idan bayan fulin famfo ne ya jiƙe, sil ɗin famfo ne, wato robar da ke hana mai fita. Idan ƙasan akwatin sitiyari ne, sil ɗin sandarsa ne.

Shi kansa busta wuri biyu yake yoyo: tsakaninsa da masta, ko ta cikin mota inda sandar feda ta shige shi, har ka ga shimfiɗar ƙasa ta jiƙe. Idan ɗigon daga tsakaninsa da masta ne, ɗiga shi cikin ruwa. Man birki yana garwayuwa da ruwa, man sitiyari kuwa yawo yake yi a sama. In ya garwaye, masta ne ke yoyo, ba busta ba.

Bayan an toshe yoyon an cika mai, ga yadda ake gane ko busta yana da rai. Inji a kashe, taka birki kamar sau 10 har ya yi tauri, ka riƙe ƙafarka a kai, ka ta da inji. Feda za ta ɗan nutse sannan ta turo ƙafarka baya. In ta yi haka, busta lafiya lau. Sai gwajin ma'ajiyar ƙarfi, wato ɗan gwangwanin da ke jikin busta mai ɗauke da iskar naitirojin: bar inji ya yi aiki, kashe shi, jira daƙiƙa 90, sannan ka taka. Ya kamata ka samu taku biyu masu laushi kafin ya yi tauri. In babu, ma'ajiyar ta mutu, kuma ranar da inji ya mutu a kan hanya ba abin da zai taimake ka. Wannan takun na sau 10 wajibi ne kafin a kwance kowane tiyo, don a sauke matsin da ke ajiye.

In har busta ne za a canza, noti biyu ne ke riƙe da masta. A kwance su a ja shi gaba a hankali ba tare da an buɗe bututun birki ba, sai a huta da fitar da iskar birki. A auna sandar feda ta sabon da ta tsohon, dole tsawonsu ya zo ɗaya.

Mai kuma a zuba wanda aka rubuta a murfin tanki ko littafin mota. Wasu motocin man giyar otomatik suke sha, wasu nasu na musamman. Lita biyu za ta isa a wanke hanyar a cika. Man sitiyari kada ya kusanci tankin birki ko da ɗigo ne, kumbura robobin yake yi. Magungunan toshe yoyo na kwalba ban ba ka shawararsu ba: suna ɗan kumbura tsohon sil na wani lokaci, tsagaggen tiyo kuwa ba abin da suke yi masa.

Fitar da iska: a ɗaga tayoyin gaba, inji a kashe, a juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe a hankali kamar sau 20, ana ƙara mai kada tanki ya ƙafe. A ta da inji na ɗan lokaci, a taka birki sau huɗu ko biyar, a sake juyawa. Kada a riƙe sitiyari a ƙarshe fiye da daƙiƙa 5. Idan man ya yi kumfa, a kashe a jira rabin awa ya kwanta, a maimaita.

Sai bayan wannan ne za a yanke wa famfo hukunci. Idan kumfa ya ƙare amma kukan bai daina ba, ko sitiyari yana nauyi in inji na silo sai an taka totur ya saki, ko ka ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe a tsohon man, to famfo ya ci kansa lokacin da ya yi aiki babu mai. A nan sai a canza shi, a kuma wanke duk hanyar man kafin a ɗaura sabon, in ba haka ba garin ƙarfen da ya rage zai lalata shi, ya toshe bawul ɗin busta.