In Sayi Na'urar DJ Ta Hannu Da Aka Kawo Daga Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni matashi ne a unguwar Tudun Wada da ke cikin garin Gombe, ina sana'ar DJ a wuraren kamu da dina, wani lokaci har a ɗauke ni zuwa Kumo ko Billiri. Har yanzu da kwamfutar tafi-da-gidanka kaɗai nake aiki, kuma na lura masu biki sun fi kiran wanda suka ga ya jera manyan na'urori a gabansa. Wani dillali a Legas ya turo mini hotunan Pioneer CDJ-1000MK3 guda biyu, na'urorin DJ masu kunna faifan CD, ta WhatsApp, ya ce tokumbo ne daga Amurka, ya yi mini farashi mai sauƙi, ya ce in tura kuɗi ya ɗoro mini su a mota. Da na ga bakin filoginsu ba irin namu ba ne, sai ya ce adafta kawai zan saya. Kuɗin adashe ne na ɗauka, idan suka salwanta ban san inda zan sa kaina ba. In saya ko in haƙura?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka tura kuɗin nan. Ba don kayan hannu ne na hana ka ba, domin da yawa daga cikin kayan sauti masu nagarta da ke aiki a Gombe da Bauchi sai da wani ya fara amfani da su kafin su iso hannun masu su na yanzu, kuma na'urar da aka ƙera domin gidajen rawa ta fi sabuwar arha juriya nesa ba kusa ba. Abin da ya sa na hana ka yana cikin wasiƙarka: samfurin da aka yi maka tayinsa, da maganar adafta, da kuma cinikin biri a sama da ake so ka yi da kuɗin adashe.

Pioneer ta fitar da CDJ-1000 ta farko a 2001, ita kuwa MK3 ta fito a 2006, ka ga ke nan duk wadda za a kawo maka ta kwana biyu a duniya. Babbar matsalarta gare ka ita ce ba ta da wurin sa filas. Ramin katin da ke jikinta yana ajiye alamomin da ka yi wa waƙa ne kawai, ba ya kunna waƙa, saboda haka duk tarin waƙoƙin da ke kwamfutarka sai ka zauna ka ƙona su a faifan CD kafin ka fita aiki, alhali ƙawayen amarya za su zo maka da sabuwar waƙa a waya su ce ita suke so yanzu. Idon da ke karanta faifan kuma shi ne abin da ya fi saurin gajiya a irin waɗannan na'urori, idan ya tsufa faifan da aka ƙona a gida yake fara ƙi, ƙurar hunturu kuma ta ƙarasa shi. An fara sa wa jerin CDJ wurin filas daga CDJ-400 a 2007, sannan CDJ-900 da CDJ-2000 suka zo a 2009 tare da manhajar rekordbox, har aka kai ga CDJ-3000 ta 2020 wadda ba ta da ramin faifai sam. Ban da wannan, CDJ biyu ba sa haɗa waƙa da kansu, sai da mikisa, wato na'urar haɗa sauti, a tsakaninsu, kuma ban ga ka sa kuɗinta a lissafi ba.

Sai maganar adafta, wadda ita ce ta fi ɓata mini rai, domin kusan kullum sai an ajiye mini na'ura a kan tebur tana warin ƙauri, mai ita yana rantsuwa cewa lafiya lau aka kawo ta. Adafta ba ta rage ƙarfin wuta. Babu komai a cikinta sai 'yan ƙarafa da ke sada bakin filogi da ramin soket, abin da ya shiga ta baya shi ne zai fita ta gaba, kamar yadda sauya wa jarka mazurari ba zai mayar da fetur ɗin da ke ciki kananzir ba. Wutar gida a Amurka 120V ce, a Japan 100V, mu kuwa a Najeriya 230V muke da ita, irin ta Ingila. Da yawa daga cikin tsofaffin na'urorin da aka ƙera domin kasuwar Amurka 120V kaɗai suke karɓa, don haka idan ka soka su a soket ɗinmu ka ɗora musu kusan ninkin abin da aka gina su a kansa.

Abin da ke faruwa a ciki ba ya ɗaukar lokaci. Wutar 120V tana hawa har wajen 170V a ƙololuwarta, shi ya sa masu ƙira sukan sa babbar kafasita, wato abin da ke tara wuta, mai ɗaukar 200V a fanel ɗin wuta, su ce ta wadatar. Ita kuwa 230V ƙololuwarta tana kaiwa wajen 325V, kafasitar nan sai ta kumbura ko ta fashe. Idan na'urar mai taransifoma ce a ciki, naɗin wayarta zai ja wuta fiye da kima ya yi zafi har rufinsa ya narke. Mai sa'a shi ne wanda fis ɗinsa ya riga komai tsinkewa. Marar sa'a kuwa wutar takan tsallaka ta taɓa babban fanel mai ɗauke da ƙwaƙwalwar na'urar, kuma samun irinsa na samfurin 2006 yana nufin a nemo wata matacciyar na'ura a ciro nata, sau da yawa a kan kuɗin da ya kusa na sayen wata.

Masu yaɗa maganar adafta hujjarsu ɗaya ce, wai ai cajar waya da ta kwamfuta daga Amurka ake kawo su kuma suna aiki a nan ba matsala. Gaskiya ne suna aiki, amma ka juya bayan cajarka ka karanta, za ka ga an rubuta 100-240V, wato an yi ta ne ta karɓi wutar kowace ƙasa. Akwai na'urorin DJ na baya-bayan nan da su ma haka suke. Abin da ke raba gardama shi ne tambarin da ke manne a baya ko ƙarƙashin na'urar, kusa da inda kebul ɗin wuta ke shiga. Idan an rubuta 110-240V ko 220-240V, ka huta. Idan an rubuta 120V ko 100V kaɗai, to ba za ta taɓa shan wutarmu kai-tsaye ba, ko da dillalin ya rantse da abin da zai kashe shi. Dillalin da ya ce maka adafta ta isa bai turo maka hoton wannan tambari ba, ko dai bai san abin da yake sayarwa ba, ko kuma ya sani ya yi shiru, kuma duk biyun ba mutumin da za a tura wa kuɗi a kan amana ba ne.

Na san za a ce maka ai akwai taransifomar rage wuta, kuma wasu sitabilaiza suna da ramin 110V a gefen na 220V. Haka ne, kuma da yake CDJ ɗaya ba ta cin wat 50, ƙaramar taransifoma mai wat 200 za ta ɗauki biyun hankali kwance. Bambancin bugun wutarmu na 50Hz da na Amurka na 60Hz ma ba zai sauya saurin waƙa ba, tunda na'urar da agogonta na ciki take aiki. A ɗakin da ba a motsa kaya wannan dabara tana tafiya shekara da shekaru. Amma kai a filin biki kake aiki, inda ake kwance kaya da ɗaure su kowane mako, a cikin duhu da gaggawa, yaranka suna jan waya, wani ɗan biki ya zare filogi domin ya sa cajinsa sannan ya mayar maka da shi inda ya ga rami. Kuskure ɗaya ya isa. Ga kuma ƙaramin janareta da ƙarfinsa ke hawa da sauka duk lokacin da aka kunna ko aka kashe amfilifaya, ga wutar NEPA da kan dawo da ƙarfi bayan ɗaukewa, taransifomar kuwa rabi kawai take rabawa, idan abin da ya shigo ya haura, abin da zai fita ma ya haura.

Inda abin ya fi muni shi ne bayan fis ya tsinke. Maimakon a tambayi dalilin tsinkewarsa, sai a kai wa wani mai gyaran gangar Auzinawa a bakin kasuwa, ya naɗa siririyar waya ko takardar kwalin sigari mai ƙyalli a gurbinsa, na'ura ta kawo haske, a biya shi a yi godiya. Fis an yi shi ne domin ya mutu a madadin na'urar, wanda ya ɗaure shi da waya ya cire mata kariya ta ƙarshe, kuma karo na gaba abin da zai ƙone shi ne fanel, ko kebul, ko rumfar da mutane ke zaune a ƙarƙashinta. Irin waɗannan masu gyara ne kuma suke karya ƙafar filogi ta uku, wadda ke kai wuta ƙasa, wai domin su kashe ƙugin da ke fita a sifika. Ƙugin yakan ragu, amma ranar da waya ta sale a cikin amfilifaya ta taɓa jikin ƙarfe, wutar ba ta da hanyar wucewa sai ta kebul ɗin sauti zuwa makirufo, sai ta jikin wanda ke riƙe da shi, wataƙila yana tsaye a ƙasa mai danshi. Mai gabatarwa ne ko ƙanwar ango, rai ne aka damƙa maka amanarsa a wannan dare. Duk wanda ya karɓi kuɗin mutane da sunan gyara alhali bai iya karanta tambarin wuta ba, ya ji tsoron Allah ya koma koyo, kai kuma kada ka bari a taɓa fis ɗin kayanka sai da irinsa daidai, mai lamba ɗaya da wadda aka rubuta a jikin tsohon.

Idan ka samu wata na'urar ta hannu da wutarta ta dace da tamu, to ka je da ƙafarka, ko Legas ne ko Sabon Garin Kano, ko ka wakilta wanda ya san aikin ba wanda ya san hanya kawai ba. Kuɗin mota bai kai asarar adashe ba. Ka tafi da filas ɗinka da abin sauraronka na kunne, kuma ka tabbata filas ɗin an tsara shi a FAT32, domin tsofaffin CDJ ba sa ganin filas mai tsarin exFAT, kada ka zargi lafiyayyar na'ura a banza. Ka bar ta tana aiki awa guda cur, saboda yawancin cututtukan tsufa sai ta ɗauki zafi suke bayyana, a zafin Gombe na watan Afrilu kuwa za ta ɗauka. Madannan nan biyu masu rubutun Play da Cue su ne suka fi shan duka, ka danna su a hankali sau da yawa, idan sai ka matsa da ƙarfi suke amsawa to sun gaji, ko da yake wannan gyara ne mai sauƙi da za ka iya neman ragi a kansa. Ka juya farantin sama ka ji ko yana gogar wani abu, ka taɓa shi ka ga ko waƙa na tsayawa nan take. Ka ja sandar saurin waƙa daga sama zuwa ƙasa kana kallon lambobin allo, su riƙa sauyawa a jere ba tsalle. Ka girgiza filas a raminsa da kebul ɗin sauti a nasa ramin, idan sauti ya yanke akwai tsagewar dalma a ciki.

Sannan ka shinshina ta, ka kuma dubi kusoshinta. Madanni mai danƙo alama ce ta an taɓa zubar mata da abin sha, irin wannan kuwa tana iya aiki yau ta mutu bayan wata biyu idan tsatsa ta gama cin fanel. Kusoshin da kawunansu suka cinye suna gaya maka an sha buɗe ta, sai ka tambayi abin da aka gyara. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin na'urar da sunan shago, domin kayan sauti na cikin abin da ake yawan sacewa a majami'u da ɗakunan taro, kuma wanda aka kama da kayan sata a hannunsa shi ne zai fara yin bayani a ofishin 'yan sanda.

Da ni ne kai, da wannan kuɗin ba CDJ zan nema ba. Tunda kana da kwamfuta kuma hannunka ya saba da ita, na'urar sarrafawa mai faranti biyu da mikisa a jiki ɗaya ta fi dacewa da aikinka, irin DDJ-400 ta 2018 ko DDJ-FLX4 ta 2022 da ta gaje ta, ko DDJ-SB3 idan manhajar Serato ka fi so. Waɗannan daga kebul ɗin USB suke shan wuta, saboda haka ko daga wace ƙasa aka kawo su babu ruwanka da maganar 120V, kuma idan janareta ya mutu batirin kwamfuta zai riƙe su, waƙarka ba za ta ɓace daga inda take ba. Masu biki za su ga faranti a gabanka kamar yadda kake so, kai kuma ka rage kaya a bayan Keke Napep. Rauninsu shi ne jikinsu roba ne kuma ramin USB ɗinsu yakan saki, don haka shi za ka fara gwadawa, sannan ka haɗa ta da kwamfutarka a gaban mai sayarwa ka ga manhajar ta gane ta kafin ka ƙirga masa ko sisi. Abin da ya rage a kuɗin ka sayi jaka mai kauri da za ta tsare ta daga ƙura, da sitabilaiza mai jinkirta kawo wuta domin sauran kayanka.

Shi kuwa dillalin na Legas, ka ce ya turo maka hoton tambarin bayan kowace na'ura a fili, lambar wuta da lambar jiki suna karantuwa. Ko da hoton ya nuna 220-240V, rashin wurin filas ya riga ya fitar da CDJ-1000MK3 daga lissafinka, amma yadda zai amsa wannan buƙata zai nuna maka ko mutum ne da za ka iya zuwa shagonsa neman wani samfurin.