Amsa: Robar fitsari da jinin da ake gani a jakar Baba

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya. Kin tambaya ko robar fitsarin da aka sa masa a asibiti nan Jidda ce ke sa kina ganin jini a jakar da fitsarin ke taruwa, kuma lallai tana iya jawo hakan.

Robar da aka fi amfani da ita, wadda ake kira Foley, tana da ɗan balan-balan da ake cika wa ruwa, galibi mililita 10, domin ya riƙe ta a cikin mafitsara, sai kan robar da ƙananan ramukanta su tsaya a samansa. Idan fitsari ya tsiyaye, bangon mafitsara yakan lotsa ya kwanta a kan wannan tsini, kuma fatar cikinta mai laushi takan shige cikin ramukan, ta goge, ta kumbura, har ta yi jini. Bugu da ƙari, tun da ramukan suna saman balan-balan, ɗan fitsari yakan kwanta a ƙasa, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama.

Ina ganin ya kamata ki tambayi likitansa lambar robar, wato lambar da ke nuna kaurinta, domin 12 ko 14 ta fi 18 sauƙi ga yawancin manya, kuma ta silikon ta fi dacewa da dogon zama. A ɗaure bututun a cinyarsa, jakar ta kasance ƙasa da mafitsara, ya kuma yawaita shan ruwa a zafin nan idan likita bai hana ba. In kin ga gudan jini, zazzaɓi, ko fitsarin ya tsaya, a kai shi asibiti nan take.