Amsa ga mai tambayar makunnin yanke batir a 504

Ɗan uwa, sannu. Da na ga ka ce Fijo 504 ɗinka tana shanye batir in ta kwana a ajiye, kana tambayar a wane kan batir, ja ko baƙi, za ka ɗaura makunni, sai raina ya ɓaci, don wahalar nan na sha ta. A baƙar waya za ka sa, wadda ta tafi bodi. In ka yanke nan, ko sifana ta haɗa jan kai da ƙarfen mota ba abin da zai faru.

Ni wani riwaya ne ya cuce ni. A jar waya ya ɗaura mini, da wata siririyar waya irin ta fitila, ya bar notocin a buɗe dab da bodi, ko tef bai naɗa ba. Na yi magana ya ce, "Alhaji, aikina ne." Muna hanyar Zariya da mahaifiyata a baya, na tsaya shan mai, ina yin ki sai ƙaurin roba, hayaƙi ya turnuƙe daga bonet, ga famfon fetur a gefena. Tsohuwa tana salati, ƙafarta ba ta da lafiya, ba ta iya fita da sauri. Da tsumma na fizge wayar tana narkewa, tabon yana hannuna har yau. Da na koma wurinsa ko sannu bai ce ba, wai batirina ne ya fi ƙarfi! Na bar shi da Allah.

Kik yana jan sama da amfiya 100 lokacin tayarwa, don haka kaurin wayar ya kai na asali, makunnin ma kada ka sayi mai araha. In akwai wata ƙaramar waya a baƙin kai, ta rediyo ko hon, mayar da ita ɓangaren bodi, in ba haka ba, ranar da ka yi ki makunnin yana kashe, wutar kik za ta iya bi ta cikinta ta ƙone.

Don Allah kada ka kashe makunnin inji na aiki. Motar ba lallai ta mutu ba, altaneta, mai cajin batir, ce za ta iya lalacewa.

Amma fa makunni ba zai warkar da motar daga shanye batir ba. Cire baƙin kai, ka sa ƙaramin ƙwan fitila tsakaninsa da wayar. In ya kama, zare fiyus ɗaya bayan ɗaya har ya mutu, nan ɓarawon yake. Tawa rediyon da aka haɗa kai tsaye da batir ne.

Masu tsohuwar Landirobar Ingila ta kafin tsakiyar shekarun 1960, ku duba tukuna, da yawa jan kai ne ya tafi bodi. Kai kuma turo mana hoton wurin batirin kafin ka bari a huda maka bodi.