Takobin gado: ƙarfen tama ne ko na Turai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna da wani takobi a gida da muka gada kaka da kakanni. Baffana ya ce ƙarfen tama ne, maƙeran garinmu suka fitar da shi daga dutse. Wani kuma ya ce ruwan takobin daga Turai ya zo ta Sahara. Akwai yadda masana za su raba wannan gardama?
Mai karatu daga Katsina

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Akwai, kuma shaidar tana cikin ƙarfen kansa. Kashin maƙera, wato dattin da ke fita idan ana fitar da ƙarfe daga tama, shi ne zai ba da ita.

A tanderun mutanen da, ƙarfe ba ya narkewa ya zama ruwa. Sai zafi ya kai digiri 1,538 yake narkewa, wutar gawayi da zugazugi kuwa wajen digiri 1,200 take tsayawa. Dattin tama ne ke narkewa, ya haɗu da tokar gawayi da yumɓun jikin tanderu ya gangara ƙasa, ƙarfen kuma ya taru ya zama curi mai ramuka cike da wannan datti. Maƙeri zai yi ta dukan curin a kan uwar maƙera yana matse kashin, amma komai ƙwarewarsa ba ya fita duka. Ragowar takan miƙe ta yi siraran layuka a tsawon ƙarfen, kamar zaren cikin rake. Shi ya sa tsohuwar fartanya idan tsatsa ta ci ta sosai za ka ga jikinta zara-zara.

Waɗannan layukan ake aunawa. Ana yanko ɗan guntu ƙarami, a dasa shi cikin roba mai daskarewa, a goge fuskarsa har ta yi sheƙi, sannan a sa shi a na'urar hangen ƙananan abubuwa mai aiki da ilektiron. Baƙaƙen ɗigo za su bayyana cikin farin ƙarfe, a auna su ɗaya bayan ɗaya: silika nawa, alumina nawa, kalsiyam, fotasiyam, magnesiyam, manganis. Hikimar ita ce waɗannan sinadarai ba sa komawa ƙarfe a irin wannan wuta. Don haka yawan alumina idan aka gwada shi da yawan silika a kashin da aka zubar a bakin tanderu, kusan haka za a same ta a ɗigon da ya maƙale cikin takobi. Tamar kowane wuri da gawayinsa da yumɓunsa na da nasu awo.

Ga misalin da ya fi burge ni. Bayan gobarar majami'ar Notre-Dame ta birnin Faris a 2019, an ga manyan ƙusoshin ƙarfe masu baki biyu da magina suka ɗaure duwatsu da su. Wani masanin kayan tarihi, Maxime L'Héritier, da abokan aikinsa suka bincike su, suka fitar da sakamako a 2023. Awon kabon, wanda ake gane shekarun abu da shi, ya nuna wasu daga ciki tun shekarun 1160 ne, farkon ginin. Ɗigon kashi kuma ya nuna sau da yawa ƙusa guda gutsattsarin ƙarfe ne daga wurare dabam-dabam aka liƙe a wuta, alamar akwai kasuwar ƙarfe mai ci a birnin a lokacin.

Game da naku takobin, maganar mutum na biyu ma ba a banza take ba. An daɗe ana shigo da ruwan takubba daga Turai, musamman daga Solingen ta Jamus, maƙeran nan su yi masa ƙota, dukawa su yi kube. Tambarin da ke jiki bai isa hujja ba, don maƙeranmu sun kwaikwayi tamburan. Awon kashi zai iya bambance ƙarfen da aka fitar kai tsaye daga tama da wanda aka fara narkarwa a babban tanderun Turawa sannan aka tace. Idan kuma aka tarar ƙarfen tas yake babu irin waɗannan layuka, to mai yiwuwa na masana'anta ne, bayan dabarar Bessemer ta 1856, wadda ake tace narkakken ƙarfe da ita ta hanyar hura masa iska.

Abin da ya fi wuya shi ne a ce tamar gari kaza ce. Yashin da maƙeri ke barbaɗawa wajen liƙi yana shiga ya ɓata lissafi, sai an ware irin waɗannan ɗigo. Sannan dole a sami kashin tsofaffin tanderu da aka riga aka auna don a gwada da shi. Muna da shi jibge a daji: a Taruga kusa da Abuja, inda masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya tono tanderu a shekarun 1960 waɗanda suka haura shekara 2,000, an sarrafa tama, haka ma a gindin Dutsen Dala tun ƙarni na 7. Raina yana ɓaci idan na ga ana kwasar irin wannan tsibi ana cike ramin hanya da shi, don duk tsibin da aka kwashe an rage abin da za a gwada takobinku da shi.

Ni dai ban ba ku shawarar a yanki takobin gado ba, sai in da ma ya karye ko akwai ɓallin da ya fita. Kada ku kankare shi da sanfefa ko ku kai shi injin wasa wuƙa. Ku shafa masa ɗan mai, ku ajiye inda babu laima, ku ɗauki hotonsa ciki da bai har da tambarin, ku rubuta duk abin da Baffa ya sani a kansa, sannan ku tuntuɓi sashen binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.