An cire kuɗi, kaya ba su fita ba: wane tsari za mu bi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mun raba manhajar kantinmu na intanet zuwa ƙananan hidimomi uku: oda, biyan kuɗi da sito, kowace da rumbun bayananta. Yanzu sai a cire wa mai saye kuɗi amma oda ta maƙale, wani sa'in ma a cire masa sau biyu. Ina mafita? Daga wani mai haɗa manhaja, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Lokacin da rumbu ɗaya ne, ko dai duka rubutun ya shiga ko babu abin da ya shiga. Da kuka raba, wannan tabbacin ya tafi, sai kun gina shi da hannunku.

Tsarin da ya dace shi ne Saga, wanda Hector Garcia-Molina da Kenneth Salem suka bayyana a 1987. A wannan tsari ana raba aiki mataki-mataki, kowane mataki yana da aikin da ke soke shi in an samu matsala. A buɗe oda da alamar "ana jira", a keɓe kaya a sito, sannan a cire kuɗi. In cirewar ta gaza, a saki kayan, a soke odar. Lura cewa kuɗi ne na ƙarshe, domin mayar da kuɗi ya fi sakin kaya wahala nesa ba kusa ba. Mun fi son hidimar oda ta zama madugu mai ba da umarni, don in abu ya tsaya a san inda za a duba.

Maƙalewar kuma galibi daga nan take: hidima ta rubuta a rumbunta, kafin ta tura saƙo zuwa Kafka ko RabbitMQ (manhajojin da ke isar da saƙonni tsakanin hidimomi) sai ta faɗi. Maganinsa tebur na saƙonnin fita a cikin rumbun. A rubuta odar da saƙonta a tashi ɗaya, wata ƙaramar manhaja daban ta riƙa kwasa tana turawa. In rumbun bayanai na PostgreSQL kuke amfani da shi, manhajar Debezium na iya wannan kwasar.

Sai dai saƙo ɗaya zai iya isa sau biyu, kuma nan ne cirewa biyu ke fitowa. Ku ba kowace buƙatar biya lambar shaida tata ita kaɗai, rumbun biyan kuɗi ya ƙi karɓar lambar da ya taɓa gani, ya mayar da amsar farko. Kada a ɗauki shirun banki a matsayin gazawa. A tambayi matsayin biyan da wannan lambar tukuna. In za a sake gwadawa, a jira daƙiƙa 1, sai 2, sai 4, daga nan a ajiye saƙon gefe mutum ya duba.

Wani hanzari: in ku masu haɗa manhajar ba ku wuce biyar ba, ku haɗe oda da sito a rumbu ɗaya. Sagar za ta rage tsakanin oda da biyan kuɗi kawai.