Kafin ki ƙara ruwa, tumɓuke ɗaya ki duba saiwar

'Yar'uwa, da na karanta cewa tumatirinki yana yaushi duk da kina ba shi ruwa safe da yamma, sai da gabana ya faɗi, don abin da ya same ni ke nan bara waccan.

Gindi 40 na dasa, waɗanda na rena da hannuna sati biyar a cikin tsofaffin robobi. Wani mai kawo taki ya sauke min buhu uku na kashin kaji, ya yi ta rantsuwa cewa ya daɗe da ruɓewa. Da na kwance bakin buhun, wari ya doki hancina kamar na tsohon fitsari. Na yi magana, ya ce ai ƙarfin takin ke nan. Na yarda, na zuba har jikin shuka. Kwana uku gefen ganye ya fara ƙonewa kamar an kara masa wuta, ni kuwa sai ƙara ruwa nake yi. Ranar da na tumɓuke ɗaya na ga saiwar ta yi baƙi, tana saɓulewa a yatsuna, zama na yi a bakin kunyar ina hawaye. Na kira mutumin, wai hannuna ne ba ya karɓar shuka. Wallahi wannan maganar ta fi asarar yi min ciwo, kuma har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci. Na bar shi da Allah.

Ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake yi. Sai an tara shi ana juyawa ana yayyafa ruwa, wata uku zuwa shida, har warin ya tafi ya koma kamar baƙar ƙasa.

Don Allah ki sadaukar da gindi ɗaya yau. Lafiyayyar saiwa fara ce tas. Idan ta yi duhu ta yi laushi, ruwa ya yi yawa ko taki ya ƙona ta. Idan kin ga ƙulli-ƙulli a jikinta, ƙananan tsutsotsin ƙasa ne da ido ba ya gani, kada ki maida tumatir, barkono ko gauta wurin sai kin sauya shuka, duk dangi ɗaya ne. Ki kuma yanke karan ki tsoma a kofin gilashi mai ruwa. Idan wani farin abu ya zubo kamar zaren madara, cutar yaushi ce, ba ta da magani, cirewa ake yi a ƙone.

Ba ki faɗi lokacin da yake yaushin ba. A bazara ganye kan langaɓe da tsakar rana ya miƙe da yamma, wannan zafi ne kawai. Idan zafin ya kai digiri 35 ma fure zubewa yake yi. Ni yanzu na haƙura da tumatir a bazara, sai damina ta ɗauke sanyi ya shigo nake dashe, da yamma, tazarar santimita 50. Da damina kuma ki ɗaga kunya sosai, ba ya son ruwa ya kwanta masa.

Ki riƙa tura yatsa cikin ƙasa. In da danshi, ki bar ruwan sai gobe. Busasshiyar ciyawa a gindi tana riƙe sanyi, amma ki sa ido kan gara, ta taɓa cinye min kurnar da na dasa a bakin ƙofa ta wannan hanyar.

Wane taki kika zuba, kuma yaushe? Ki turo mana hoton saiwar mu gani.