Waƙar da kake son yi wa Kaka

Ɗana, saƙonka ya same ni tun daren Talata, na bari ne sai masu gaisuwa sun ragu. Ka ce kana son rubuta wa Kaka waƙa, amma wani abokinka ya ce yi wa mamaci waƙa rashin tawakkali ne. Ka kuma tambaya me ya sa ranar bakwai ƙannenka mata suke ta waƙa da shewa, alhali iyayenku na share hawaye.

Abin da ka gani wasan jika ne, kuma mun taso mun tarar da shi. Kana tsaye ai lokacin da autarku ta ɗaura zanen Kaka, ta ɗauki sandarta, ta ranƙwafa tana kwaikwayon faɗan da take yi in an taɓa mata goro. Sauran na amshi, wai tsohuwa ta gudu da bashinsu, sai 'ya'yanta sun biya. Ni da ta haifa sai da na sa hannu a aljihu, na kuma yi dariya, karo na farko cikin kwana bakwai. Amma ka lura, ba a yin haka in yaro ne ya rasu, ko mace kan gwiwa. Sai tsohon da ya ga jikoki har da tattaɓa-kunne, wanda kowa ya shaida ya ci zamaninsa.

Malamai masu waƙar wa'azi kuwa ba mamacin suke yi wa waƙa ba, da mu da muka rage suke. Muna yara, makafi kan tsaya a ƙofar gida suna rera Imfiraji ta Aliyu Namangi na Zariya. In suka zo kan likkafani da duhun kabari da tambayar Munkar da Nakir, sai ka ji matan gida sun tsai da daka. Ni kaina sai in kasa barci ranar. Waƙar wa'azi haka take, so take ka ji tsoro tun da sauran kwana.

Makaɗan maza su kuma, irin su Ɗan Anace na 'yan dambe da Kassu Zurmi, raina mutuwa suke sa mutum ya yi. In kiɗa ya yi zafi, ɗan dambe ya fi tsoron a ce ya ja da baya a kan a ce ya mutu. Ban ce ka bi sahunsu ba.

Taka waƙar sunanta marsiyya, kuma ba kai ne farau ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta yi wa ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ya rasu a 1837, ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo, ta yi wa aminiyarta A'ishatu. Ba ta ɓoye cewa zuciyarta ta yi ƙuna ba. Takan lissafa halayen mutum na kirki, ta faɗi kewarta, sannan ta mai da lamarin ga Allah. Wa zai ce 'yar Shehu ba ta san tawakkali ba? Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido na hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangiji ya yarda da shi. Abin da aka hana shi ne kururuwa da marin fuska da yaga tufafi, da maganar da ke nuna kana ja da hukuncin Allah.

Don haka rubuta abinka. Sai dai kada ka yanke mata Aljanna da bakinka, roƙa mata za ka yi. Kada kuma ka jingina mata halin da ba nata ba. Marsiyyoyin da nake gani a Facebook yanzu, kowane mamaci waliyyi ne, ba ka gane wane daga wane. Kakarku mafaɗaciya ce, kuma ba a taɓa kwana da yunwa a zaurenta ba. Sa duka biyun, har da goron. In ka gama, ka kawo ka karanta mini kafin arba'in, mu biyu kawai, don ban san yadda idona zai yi a gaban mutane ba.

Baffanka.